Tambaya da Amsa: Abin da Ke Cikin Ƙwayar Zarra

Wasiƙun wannan wata sun zo mana ne daga jihohin Kebbi da Zamfara. Sana'o'in masu tambayar sun sha bamban, amma amsoshin duk suna komawa ga ilimi guda, wato kimiyyar kwantam, wadda ke bayanin halayen zarra, 'yan mitsitsin ƙwayoyin da kowane abu ya ƙunsa, da na haske. Na jera su yadda amsar farko za ta share wa ta gaba hanya, saboda haka mai karatu zai fi amfana idan ya bi su a jere.

Tambaya daga wata ɗalibar ajin ƙarshe na sakandare, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum, Malam. A littafinmu an zana ƙwayar zarra da ɗigo a tsakiya, wasu ƙananan ƙwayoyi suna zagaye shi kamar yadda duniyoyi ke zagaye rana. Malaminmu na kimistiri ya ce mu haddace zanen saboda jarrabawa, amma ya ce ba haka abin yake ba. To yaya yake, kuma me ya sa ake koya mana abin da ba daidai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminku ya faɗi gaskiya, kuma ya kyauta da bai ɓoye muku ba. Zanen yana da rabonsa na gaskiya, don haka bari mu fara da wannan rabon. A 1897 J. J. Thomson ya gano elekturon a Ingila, ƙwaya mai cajin negatif wadda ke cikin kowace irin zarra. A 1909, a Jami'ar Manchesta, Hans Geiger da Ernest Marsden, waɗanda ke aiki a ƙarƙashin Ernest Rutherford, suka riƙa harba wasu ƙwayoyi masu nauyi da ake kira alfa a kan fallen ƙarfe marar kauri, har da na zinariya. Kusan dukkansu suka ratsa fallen suka wuce, amma ɗaya cikin dubbai ta kan dawo da baya. Daga nan Rutherford ya yanke a 1911 cewa cajin fozitif na zarra da kusan duk nauyinta suna dunƙule a wata 'yar cibiya. Daga baya aka gane cewa cibiyar ta ƙunshi furoton, mai cajin fozitif, da niyuturon, marar caji, wanda James Chadwick ya gano a 1932. Furoton guda ya ninka elekturon nauyi sau 1,836, shi ya sa fiye da kashi 99.9 cikin 100 na nauyin zarra yake a cibiya, alhali faɗin cibiyar bai wuce kashi ɗaya cikin dubu goma na faɗin zarrar ba. Ita kanta zarrar, idan aka jera ta zinariya kusan miliyan uku da rabi a layi, milimita ɗaya tak za su cika. Duk wannan daidai ne a littafinku.

Inda zanen ya kauce shi ne batun zagaye. Tun ƙarni na 19 an tabbatar cewa duk abu mai caji da ke tafiya yana karkata hanya dole ya fitar da haske, ya yi asarar makamashi. Da elekturon yana zagaye cibiya irin na duniyoyi, da makamashinsa ya tsiyaye, ya faɗa cikin cibiya cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa, kuma da babu dutse ko ruwa ko jikin mutum da zai tsaya. Akwai kuma wata damuwa ta biyu: iskar haidurojin idan aka kunna ta da lantarki ba ta ba da dukkan launuka, sai wasu layuka huɗu da ido ke gani, kullum a gurbi guda, kuma wani malamin makaranta a Suwizalan, Johann Balmer, ya samo lissafin da ya dace da su tun 1885 ba tare da an san dalili ba.

A 1913 Niels Bohr, mutumin Denmak, ya ce elekturon yana da matakan makamashi ƙayyadaddu, ba ya zama a tsakaninsu, kuma akwai mataki na ƙasa wanda ba ya sauka ƙasa da shi. Idan ya sauko daga mataki na sama zuwa na ƙasa, bambancin makamashin yana fita a matsayin haske mai launi guda. Ma'aunin da ake amfani da shi a nan sunansa elekturon-bolt. A haidurojin, elekturon da ke mataki na farko yana buƙatar 13.6 kafin ya kuɓuce wa cibiya, na mataki na biyu 3.4, na uku kuwa 1.5. Saukowa daga na uku zuwa na biyu tana sakin 1.9, wanda shi ne daidai jan layin da ake gani. Zanen littafinku na Bohr ne. Tsarin nasa ya yi aiki a kan haidurojin mai elekturon ɗaya, ya gaza a kan zarra mai elekturon biyu ma, kuma bai faɗi dalilin da ya sa matakan suka zama ƙayyadaddu ba.

Dalilin ya fito ne a 1924, sa'ad da Louis de Broglie na Faransa ya kawo ra'ayin cewa elekturon yana da halin taguwa, wato igiya irin ta ruwa, mai zango kamar yadda tashoshin rediyo ke da gajeren zango da matsakaici. An tabbatar da haka da gwaji a 1927 a Amurka da Birtaniya, kuma ɗaya daga cikin masu gwajin, G. P. Thomson, ɗan J. J. Thomson ne: uban ya sami kyautar Nobel a 1906, ɗan kuma ya samu a 1937 saboda nuna halin taguwa a ƙwayar da ubansa ya gano. Ki dubi tsirkiyar gurmi. Da yake an ɗaure ta kai biyu, ba za ta kaɗa yadda ta ga dama ba. Ko ta kaɗa da ciki ɗaya, ko biyu, ko uku, babu ciki ɗaya da rabi, shi ya sa take da amo nata na musamman. Taguwar elekturon ma a ɗaure take, jan cibiya ne ya ɗaure ta, don haka siffofin kaɗawar da za ta iya ɗauka ƙidayayyu ne, kowace siffa da makamashinta. Waɗannan su ne matakan. A 1926 Erwin Schrödinger, mutumin Ostiriya, ya rubuta ƙa'idar lissafin wannan taguwa, lambobin Bohr suka fito daga cikinta da kansu, a shekarar kuma Max Born ya bayyana ma'anarta: inda taguwar ta yi ƙarfi, nan ne aka fi yiwuwar samun elekturon idan aka neme shi. A mataki na farko na haidurojin siffar dunƙule ce da ta lulluɓe cibiya ta kowane ɓangare, ba ta canzawa da lokaci, saboda haka ba ta fitar da haske.

Ana ci gaba da koyar da zanen Bohr ne domin yana sauƙaƙa ƙidayar elekturon a kowane hawa, wato kowane zobe na zanen, kuma wannan ƙidaya tana da amfani a kimistiri. Ki amsa jarrabawarki da shi. Abin da nake roƙon malamai shi ne su riƙa gaya wa ɗalibai iyakarsa kamar yadda naku ya yi, domin ɗalibin da ya shiga jami'a a Aliero ko Gusau da imanin cewa elekturon ƙwallo ne mai zagaye yakan sha wahala a shekarar farko.

Tambaya daga wani magini, Talata Mafara: Malam, na ji an ce mafi yawan zarra fili ne. Idan haka ne, me ya hana hannuna ratsa bangon da na gina?

Amsa: Malam, filin da ake faɗa taguwar elekturon ce ta cike shi. A 1925 Wolfgang Pauli ya gano cewa elekturon biyu ba sa taɓa haɗuwa a hali guda: kowace siffar taguwa tana ɗaukar biyu kawai, su ma sai sun saɓa a wata sifa da ake kira juyi. Idan ka danna hannunka a bango, kana neman cusa elekturon na fatarka ne a guraben da na bulo suka riga suka cika, kuma babu hanyar yin haka sai an tura su matakai na sama, abin da ke buƙatar makamashin da ƙarfin damtse ba zai bayar ba. Wannan, haɗe da ture juna da caji iri ɗaya ke yi, shi kake ji a matsayin tauri. Dokar Pauli ce kuma ta sa hawa na farko ke cika da elekturon 2, na biyu da 8. Sodiyam yana da 11, ɗaya ya yi saura a waje. Kulorin yana da 17, saura ɗaya hawansa ya cika. Sodiyam ya ba kulorin ɗayan nan da ya yi saura, sai ga gishirin miya. Jadawalin sinadarai da Dmitri Mendeleev ya tsara a Rasha a 1869, wanda yau ya kai sinadarai 118, ta wannan hanya aka gane asalin tsarinsa.

Tambaya daga wani maƙeri, Ƙaura Namoda: Ranka ya daɗe, tun ina yaro nake ganin ƙarfe a wuta yana yin ja, idan an ƙara zuga ya koma ruwan goro, daga nan ya yi fari. Da launin muke sanin lokacin bugu. Ɗana da ke makaranta ya ce wannan yana cikin karatunsu. Da gaske ne?

Amsa: Da gaske ne, Baba, kuma daga irin wannan kallo naku kimiyyar kwantam ta samo asali. Duk abu mai zafi yana fitar da haske, ko da ido bai gani ba. Jikin mutum ma yana fitarwa, mai dogon zango, kuma shi na'urar nan da ake nuna wa goshi a ƙofar asibiti take aunawa. Ƙarfe yakan fara yin ja a duhu idan zafinsa ya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyos, ya yi ruwan goro wajen 1,000, ya doshi fari bayan 1,300. Fuskar rana, mai zafin kusan 5,500, haskenta fari ne sosai. Launin ya fi dogara da zafi fiye da irin abin da aka gasa, shi ya sa garwashi da ƙarfen da ke cikinsa suke yin launi kusan ɗaya.

A ƙarshen ƙarni na 19 masana a Jamus sun auna wannan haske da kyau, sai lissafin da ake da shi ya kasa dacewa da awon. Idan aka bi tsohon lissafi zuwa ƙarshensa, cewa yake yi abu mai zafi zai zubo haske mai gajeren zango marar iyaka, abin da kowane maƙeri ya san ba ya faruwa. A watan Disamba na 1900 Max Planck ya gabatar da mafita a Berlin: makamashin haske ba ya fita sai ƙunshi-ƙunshi, kuma girman kowane ƙunshi shi ne yawan kaɗawar hasken a daƙiƙa sau wata lamba tsayayya. Wannan ƙunshi shi ake kira kwantam. Ƙunshin jan haske ƙarami ne, na shuɗi ya fi shi girma, na hasken da ya wuce shuɗi ya fi duka. Ƙarfe mai matsakaicin zafi ƙananan ƙunshi kawai yake iya haɗawa, sai ya yi ja. Da zuga-zugi ya ƙara zafi, sai ya sami halin fitar da na rawaya da kore da shuɗi, su gauraya da ja, ido ya ga fari. Wannan lamba tsayayya, wadda ake kira lambar Planck, ƙarama ce ƙwarai, 6.6 ce da aka raba da 1 mai sifili 34 a bayansa, a ma'aunin da masana ke amfani da shi, shi ya sa ba ma jin ƙunshin a harkokin yau da kullum. Idon maƙerin da ya ƙware awon zafi yake yi na haƙiƙa, kuma a masana'antun narka ƙarfe akwai na'urorin da ke yin wannan aiki ta duban launi.

Tambaya daga wani mai sayar da kayan sola, Jega: Malam, masu saye suna cewa tunda garinmu akwai zafi, faifan sola zai fi ba da wuta a watan Afrilu. Ni kuwa ina ganin kamar ya fi ƙarfi da sanyin safiya idan rana ta fito sosai. Zafi ne ke ba da wutar ko haske?

Amsa: Haske ne, Alhaji, kuma lurarka daidai ce. A 1905 Albert Einstein ya ɗauki ra'ayin Planck ya ƙara gaba, ya ce hasken kansa ƙwayoyi ne a tafiyarsa, waɗanda yau ake kira foton. Da wannan ya warware wani abu da ya daɗe yana ɗaure kai: akwai ƙarafan da jan haske, komai yawansa, ba ya fizgo elekturon daga jikinsu, amma haske mai gajeren zango, ko ɗan kaɗan ne, nan take yake fizgowa. Dalili shi ne foton ɗaya da elekturon ɗaya yake hulɗa, kuma idan makamashinsa bai kai ba, tarin 'yan'uwansa ba zai cike giɓin ba. A kan wannan aiki aka ba shi kyautar Nobel ta 1921.

Faifanka na silikon ne. A cikin silikon akwai tazara ta elekturon-bolt 1.1 tsakanin matakan da elekturon ke ɗaure da matakan da yake iya yawo. Foton na hasken da ido ke gani yana ɗauke da tsakanin 1.6 da 3.1, don haka kowanne yana iya ɗaga elekturon guda ya tsallake tazarar, kuma an haɗa faifan da silikon iri biyu yadda wanda aka ɗaga zai bi hanya ɗaya zuwa waya. Foton da bai kai 1.1 ba wucewa yake yi a banza, wanda ya zarce kuwa rarar tana zama zafi. Wannan yana cikin dalilan da suka sa faifan kasuwa ke mayar da kusan kashi 20 cikin 100 kawai na hasken rana zuwa lantarki, ko da yake na farko da aka ƙera a Amurka a 1954 kashi 6 yake bayarwa. Zafi kuwa rage ƙarfin faifai yake yi. Ƙarfin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a digiri 25, kuma duk digiri ɗaya da faifan ya ƙaru a kan haka yana rasa tsakanin kashi 0.3 da 0.5 cikin 100. Faifan da aka manna a kan kwano da tsakar ranar bazara yana iya haura digiri 60. Ka shawarci masu saye su bar tazara a ƙarƙashinsa iska ta riƙa wucewa, su kuma riƙa goge ƙura a lokacin hunturu. Ƙwan fitila na zamani da kake sayarwa wannan aiki yake yi a juye: lantarki ya ɗaga elekturon, ya sauko, foton ya fita, kuma faɗin tazarar ne ke yanke launin.

Tambaya daga wata ma'aikaciyar lafiya, Anka: Malam, lokacin da aka yi aikin gubar dalma a ƙauyukanmu, na ga ana nuna wa ƙasa wata na'ura ta hannu, cikin ɗan lokaci ta faɗi yawan dalmar da ke ciki. Ta yaya take ganewa? Kuma mutane suna tambayata ko ƙona ƙasar ko barin ta shekaru zai kashe gubar.

Amsa: Malama, Allah Ya saka muku da alheri a kan wannan aiki, Ya kuma jiƙan yaran da aka rasa. Ga masu karatun da ba su san labarin ba: a 2010 aka gano cewa dutsen zinariyar da ake haƙowa a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum yana ɗauke da dalma mai yawa, ana niƙa shi a cikin gidaje, ƙurar ta shiga ƙasar tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma.

Abin da ke bambanta sinadari da sinadari shi ne yawan furoton a cibiyarsa. Zinariya tana da 79, zaiba 80, dalma 82. Gwargwadon yawan furoton, gwargwadon ƙarfin da cibiya ke jan elekturon na ciki, saboda haka matakan makamashin kowane sinadari nasa ne shi kaɗai. Henry Moseley ya nuna haka a Ingila a 1913, yana saurayi, kafin a kashe shi a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1915. Na'urar da kika gani tana harba hasken eksire, irin na ɗaukar hoton ƙashi, a cikin ƙasa. Hasken yana fizge elekturon daga hawan ciki na zarra, na sama ya sauko ya cike gurbin, ya saki foton mai makamashi daidai da tazarar matakan biyu. Dalma tana amsawa da foton na wajen elekturon-bolt 10,500 da 12,600, zinariya kuwa da na wajen 9,700 da 11,400. Na'urar tana ware su, ta ƙidaya kowane iri, yawan ƙidayar ya nuna yawan sinadarin. Da matakan zarra ba ƙayyadaddu ba ne, da babu wannan awo. Kina iya ganin ɗan'uwan abin a murhu: barbaɗa gishiri a harshen wuta yana ba da rawaya saboda matakan sodiyam, wayar jan ƙarfe kuma tana ba da kore. Ta wannan hanya aka fara ganin alamar hiliyam a hasken rana a 1868, shekaru 27 kafin a same shi a doron ƙasa.

Tambayarki ta biyu ita ce mafi muhimmanci, kuma ina roƙon ki isar da amsar yadda take. Wuta ba ta kashe dalma, shekaru ma ba sa kashe ta. Wutar itace ko ta gawayi elekturon na waje kawai take taɓawa, da makamashi na 'yan elekturon-bolt kaɗan, alhali canza cibiya yana buƙatar miliyoyi. Muddin furoton 82 suna nan, dalma ce, kuma ƙona ta ma yana iya tayar da ita cikin hayaƙi a shaƙa. Shi ya sa maganin da aka yi shi ne kwashe ƙasar sama a binne ta nesa da gari, a zuba sabuwa. Illarta ga yara ma daga tsarin zarra take: dalma takan saki elekturon biyu kamar yadda kalshiyam ke yi, girmansu kuma ya yi kusa, sai jiki ya karɓe ta a gurbin kalshiyam, ta shiga ƙashi da ƙwaƙwalwa mai tasowa. Duk inda aka koma niƙa dutse a cikin gida, an koma gidan jiya, ko da an taɓa share ƙasar.

Tambaya daga wani malamin Islamiyya, Gwandu: Malam, na karanta cewa masu wannan ilimi sun ce ba a iya sanin inda elekturon yake da tabbaci, sai dai yiwuwa. Ashe ke nan ilimin nasu zato ne?

Amsa: Allah Ya gafarta Malam, tambayar tana da nauyi, kuma manyan masana sun yi ta kafin mu. Abin da Werner Heisenberg ya nuna a 1927 shi ne cewa gurbin ƙwaya da saurin tafiyarta ba sa ƙayyaduwa tare: gwargwadon matse ɗaya, gwargwadon bazuwar ɗayan, kuma lambar Planck ce ta yanke iyakar. Wannan ba gazawar na'ura ba ce, hali ne na kowace taguwa, domin taguwar da aka takura a ƙaramin wuri ba ta da zango guda tsayayye, zangon kuwa shi ke nuna sauri. Elekturon da aka tsare a faɗin zarra, bazuwar saurinsa ta kai ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa, kuma wannan ma yana bayyana dalilin da ya hana shi kwanciya a cibiya: matse shi can zai ba shi saurin da zai fitar da shi. Ga ƙwayar gero kuwa, saboda nauyinta, bazuwar ba ta kai abin da wata na'ura za ta gani ba.

Yiwuwar da ake magana lissafaffiya ce. Idan aka harba elekturon ɗaya bayan ɗaya ta tsaga biyu, babu mai iya faɗin inda kowanne zai sauka a allo, amma bayan dubbai sun sauka, sai su jeru layi-layi daidai yadda lissafin taguwa ya faɗa tun kafin a fara, kamar yadda aka nuna a Japan a 1989. Idan kuma aka sa abin da zai gano tsagar da kowanne ya bi, layukan ɓacewa suke yi. Haka nan babu mai sanin ranar da zarra guda ta kabon-14, wani nau'in kabon mai rushewa da kansa, za ta rushe, amma an san rabin tarinta na rushewa cikin shekaru 5,730, da shi ake auna shekarun tsofaffin kayan tarihi. Tun 1967 ma'anar daƙiƙa kanta a kan zarrar siziyam aka ɗora ta, wato kaɗawa 9,192,631,770 na hasken da ke tsakanin wasu matakanta biyu, kuma agogunan zarra ne ke cikin taurarin ɗan'adam da ke nuna wa waya hanya. Akwai awon maganaɗisun elekturon da lissafi da gwaji suka dace a kansa har lambobi fiye da goma. Zato ba ya kai wa nan.

Inda saɓani yake shi ne fassara. Einstein bai taɓa gamsuwa da cewa yiwuwa ce ƙarshen magana ba, ya yi ta muhawara da Bohr tun taron masana na Solvay da aka yi a Beljiyam a 1927. A 1964 John Bell ya samo hanyar gwada wani ɓangare na saɓanin, gwaje-gwajen suka goyi bayan lissafin kwantam, aka ba mutum uku da suka yi su kyautar Nobel ta 2022. Duk da haka masana har yau sun kasu a kan abin da lissafin ke nufi game da haƙiƙanin abu kafin a auna shi. A ganina iyakar da Heisenberg ya zana iyaka ce ga abin da ake iya aunawa da faɗa a cikin wannan fanni, kuma ba daidai ba ne a ɗauke ta a kai ta fagen tauhidi a kafa hujja da ita, ta kowane ɓangare, domin wancan fage yana da malamansa da hanyoyinsa.

Tambaya daga wata uwa, Zuru: Malam, wani ya zo unguwarmu da na'ura da ya ce ta kwantam ce. Mutum yana riƙe wani ƙarfe a hannu, kwamfuta ta lissafo cututtukan hanta da ƙoda da jini, daga nan ya sayar da magani da abin wuya. In kai mahaifiyata?

Amsa: Hajiya, kada ki kai ta. Babu wata hanya a kimiyyar kwantam da riƙe ƙarfe a tafin hannu na minti ɗaya zai bayyana halin hanta ko ƙoda, kuma babu abin wuyan da ke zuba wa jiki makamashi. Wasu irin waɗannan abubuwan wuya ma hukumomi a Turai sun auna su sun tarar suna fitar da tururin nukiliya kaɗan-kaɗan, suka gargaɗi mutane su daina ratayawa. Na'urorin asibiti da suka dogara da wannan ilimi da gaske suna nan, kamar eksire da babban injin hoton jiki mai aiki da maganaɗisu, kuma kowannensu ana iya faɗin abin da yake aunawa da ma'aunin da yake amfani da shi, ƙwararre ne kuma ke karanta sakamakon. Abin da ya fi damuna shi ne wanda aka gaya wa cutar da ba shi da ita ya kashe kuɗinsa, ko mai hawan jini da ciwon suga ya ajiye maganin likita saboda kwamfuta ta ce ya warke. Ki kai Mama babban asibiti a auna jininta da fitsarinta, ki tafi da duk magungunan da take sha a nuna wa likita, har da wanda aka riga aka saya a wurin mai na'urar idan akwai.